Yadda Za Ka Binciki Saiwar Tsiro Da Hannunka, Ka Ga Ta Inda Ruwa Da Abinci Ke Shiga

Yawancinmu ganye muke kallo. In shuka ta yi kore shar mu ce lafiya lau, in ta yi rawaya mu ruga neman taki, alhali wani babban sashe na jikinta yana binne inda ido ba ya kaiwa, kuma daga can ne ganyen ke samun abin da yake taƙama da shi. Da yawa sun ɗauki saiwa tamkar lagwanin fitila, wai duk abin da ta taɓa zuƙewa take yi. Ba haka abin yake ba. Saiwa tana da rai, tana numfashi, tana tantance abin da zai shiga jikin shuka, kuma mafi yawan wannan aikin a 'yan santimitocin da ke kusa da bakinta ake yin sa, wurin da ya fi ko'ina laushi. Na daɗe ina karanta haka a takarda, amma bai zauna mini ba sai da na tsirar da wake a kofin gilashi na tsura masa ido. Gani ya kori ji, shi ya sa nake so kai ma ka gwada.

Kayan da za ka tanada

Ƙwayar wake kamar 10, ta masara ma 10, kofunan gilashi ko kwalabe masu faɗin baki, takarda mai shan ruwa, sabuwar reza, rula, alƙalami mai siririn baki wanda ruwa ba ya wanke tawadarsa, kalar abinci ja ko shuɗiya, gishiri, ɗan man girki, aidin na sa wa ciwo, karas ɗaya, da gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10. In akwai madubin likita a kusa, madalla. In babu, kusan komai zai ganu ba tare da shi ba. Na haɗa wake da masara ne don tsarinsu ya bambanta: wake yana da uwar saiwa guda da ke nutsawa, 'ya'ya na fita daga jikinta, masara kuwa saiwoyi ne barkatai masu kusan kauri ɗaya.

Mataki na 1: Tsirar da iri inda za ka riƙa ganinsa

Jiƙa irin dare ɗaya, kada ya wuce awa 12 a ruwa, domin iri ma yana bukatar iska. Naɗe takardar ta zagaye cikin kofi, ka cusa ƙwayoyin tsakanin takarda da gilashi, wajen tsakiyar tsayin kofin. Juya su ta fuskoki daban-daban, wani cibiya sama, wani cibiya ƙasa. Zuba ruwa kamar santimita 2 a gindi yadda takarda za ta riƙa jawo lema ba tare da ruwan ya taɓa irin ba. Rufe jikin kofin da baƙar takarda ka ajiye wuri mai ɗumi. Cikin kwana 2 zuwa 3 za ka ga wani farin tsinke ya leƙo. Saiwa ce. Ita ke riga kara fitowa, kuma ko ta ina ka juya irin, ƙasa za ta nufa.

Mataki na 2: Karanta bakin saiwa

Bari ta kai santimita 2 ko 3, sannan ka zaro ɗaya a hankali ka ɗora a kan jiƙaƙƙiyar takarda. Dubi ƙarshenta da gilashi. Akwai 'yar hula da ta rufe bakin, an fi ganinta sosai a masara. In ka shafa da ɗan yatsa za ka ji santsi, wani yauƙi ne da hular ke fitarwa don saiwa ta ratsa ƙasa ba ta kurje ba. Ƙwayoyin halittar hular, wato 'yan mitsi-mitsin ɗakunan da aka gina jikin tsiro da su, kullum goguwa suke yi suna zubewa, kullum kuma ana sabunta su daga baya.

Yanzu ɗauki rula da alƙalami. Daga bakin saiwa, ɗiga alama duk bayan milimita 2 har ka kai santimita 2. Taɓawa kawai, kada ka danna. Mayar da ita kofi ka dawo bayan awa 24. Alamomin da ke can sama suna nan yadda ka bar su. Waɗanda ke 'yan milimitoci bayan baki kuwa sun yi wa juna nisa, har tawadar ta miƙe ta zama layi. Julius von Sachs, masanin tsirrai na Jamus, da irin wannan ɗigon tawada ya nuna inda saiwa ke girma tun a ƙarni na 19. Dab da hula akwai wurin da ƙwayoyi ke rarrabuwa suna yawaita. Bayansa akwai wurin da suke shan ruwa su miƙe, kuma miƙewar nan ce ke tunkuɗa baki gaba. Sai kuma wurin da suka gama girma kowace ta kama aikinta. Saiwa dai daga baki take tsawo, tsohon ɓangarenta ba ya gusawa.

Kwantar da kofi guda a gefensa, saiwoyin su koma a kwance. Kafin nan, yanke kamar milimita 1 daga bakin ɗaya daga cikinsu. Washegari masu hula sun lanƙwasa sun sake nufar ƙasa, wadda aka yanke wa baki kuwa ba ta san inda ƙasa take ba sai ta sake yin wata hular. Charles Darwin da ɗansa Francis sun yi wannan gwaji, suka bayyana sakamakonsa a 1880. A tsakiyar hular akwai ƙwayoyin halitta masu ɗauke da ɗigon sitaci mai nauyi, wanda ke gangarawa ya kwanta ta ɓangaren da ke ƙasa. Da haka saiwa ke gane hanya cikin duhu.

Mataki na 3: Nemi gashin saiwa

Kaɗan sama da wurin miƙewa za ka ga wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe saiwar. Wanda bai sani ba zai ce fumfuna ce ya zubar da kofin. Kada ka zubar, gashin saiwa ne. Dube shi ta bayan gilashi, don in ka fitar da shi busasshiyar iska cikin 'yan mintoci zai kwanta ya mutu. Kowane sili ɗaya ƙwayar halitta ce guda tak ta fatar saiwa da ta miƙa hannu waje, ta kutsa tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ta manne da siririyar lemar da ke jikinsu.

Yawansu ne abin mamaki. A 1937 wani mai bincike a Amurka, Howard Dittmer, ya shuka tsiro ɗaya na hatsin rai, wani ɗan'uwan alkama, a cikin ƙaramin akwati. Bayan wata 4 ya wanke ƙasar ya yi lissafi: saiwoyi sama da miliyan 13, tsawonsu in an jera ya haura kilomita 600, gashi kuwa kusan biliyan 14. Tsiro ɗaya ke nan.

Gashin ba ya daɗewa, kwanaki ne ko 'yan makonni. Na baya na mutuwa, sababbi na fitowa a gaba yayin da baki ke shiga sabuwar ƙasa. Ka riƙe wannan duk ranar da za ka yi dashe. In ka fizge tsiro ka kakkaɓe ƙasar jikinsa, gashin da bakunan ka tsinke, shi ya sa yake yaushi ko da ka cika shi da ruwa. Ɗauke shi da dunƙulen ƙasarsa, ka dasa da yamma lokacin da rana ta yi sanyi, ka ba shi inuwa na kwana biyu ko uku.

Mataki na 4: Yanka ka ga ciki

Fara da karas, don shi ma saiwa ce da ta yi ƙiba da ajiyar abinci, ga shi ba ya bukatar madubi. Yanka shi a gicciye. Akwai zuciya a tsakiya, akwai tsoka da ta kewaye ta. Zuciyar ita ce zailem, hanyar da ruwa ke bi ya hau sama. Mafi yawan tsokar fulowem ce, hanyar sukari. Tsaga wani yankin a tsaye ka ɓamɓare tsokar daga zuciya, za ka ga 'yan ƙayoyi sun fito daga zuciyar sun ratsa tsoka zuwa waje. Gindin ƙananan saiwoyi ne. Reshen saiwa daga ciki yake tsirowa ya huda hanyarsa ya fito, don ya kasance a haɗe da bututun tsakiya tun daga farko.

Sai saiwar wake. Kama ta tsakanin yanka biyu na karas don kada ta zame, jiƙa reza, ka yi ta shaftar yanka siri-siri daga wurin da gashi yake, kana nesanta bakin reza da yatsunka. Yi guda 20 ka zaɓi wanda ya fi siranta, sauran ba asara ba ne, hannu ne ke koyo. Ɗora shi cikin ɗigon ruwa ka duba daga waje zuwa ciki.

Fata ce farko, layi ɗaya na ƙwayoyi, mai fitar da gashi. Sai tsoka mai faɗi da ake kira kotes, ƙwayoyinta manya ne, da sarari a tsakaninsu inda iska ke yawo. Ɗiga aidin, in akwai sitaci a ajiye za ka ga ɗigo-ɗigo sun yi baƙi. Bayan tsoka akwai wani zobe na ƙwayoyi da suka matse da juna ba ko kafa, shi ne endodamis. Cikinsa akwai wani layin, ferisaikil, wanda ke haifar da rassan saiwa. A tsakiya zailem na wake yana yin siffar tauraro, galibi mai hannu 4, fulowem na zaune a tsakanin hannuwan. A masara bututan zagaye suke yi kamar zobe, totuwa a tsakiya.

Mataki na 5: Gwada mai gadin ƙofa

Wannan shi ne gwajin da na fi so, kuma in ɗaya kawai za ka yi, yi shi. Ɗauki tsiron wake biyu da suka buɗe ganye, daga cikin na kofi, don waɗanda aka tono daga ƙasa sun riga sun ji rauni. Haɗa ruwan kala mai kauri a kwalabe biyu. Na farko sa shi da saiwarsa cikakkiya, ba ƙwarzane. Na biyu yanke saiwarsa a cikin ruwa, dab da gindin kara, ka tsoma. Ajiye su wuri mai haske da iska.

Bayan 'yan awoyi ɗaga na biyu ka haska. Kala ta hau kara, ta bi jijiyoyin ganye. Na farko saiwarsa ta rine daga waje, amma abin da ya kai ganye kaɗan ne ƙwarai, ko babu. Ya sha ruwan, ya bar yawancin kalar a waje.

Ga abin da ya faru. Ruwan da ya shigo saiwa hanya biyu gare shi. Yana iya bin bangon ƙwayoyi da sararin da ke tsakaninsu, kamar yadda lema ke bin takarda, ba mai tambayarsa komai. Yana kuma iya ratsa tantanin ƙwaya ya shiga cikinta, daga nan ya riƙa wucewa daga ƙwaya zuwa ƙwaya ta wasu ƙananan kafofi da suka haɗa su. Hanya ta farko a endodamis take ƙarewa. Kowace ƙwaya ta wannan zobe tana da ɗamara a bangonta wadda ruwa ba ya ratsawa, kamar siminti tsakanin bulo da bulo. Robert Caspary, wani Bajamushe, ya bayyana ta a 1865, har yau da sunansa ake kiran ta. Da lignin aka gina ta, sinadarin da ke sa itace tauri, daga baya kuma wani abu mai kama da kakin zuma, suberin, ya ƙara lulluɓe ƙwayoyin. Duk abin da ya iso nan dole ya bi ta tantanin rayayyiyar ƙwaya, inda akwai ƙofofi, kowace da irin abin da take bari ya wuce. Ruwa ma da nasa ƙofofin, akwaforin, waɗanda gano su ya ba Peter Agre kyautar Nobel a 2003. Ɗamarar tana kuma hana abin da aka tara a ciki ya sulale ya koma ƙasa. Tantancewar ba ta cika ɗari bisa ɗari ba, wasu gubobi na shigewa ta ƙofar sinadaran da suka yi kama da su, amma ba don ita ba shuka ba ta da ta cewa kan abin da ke hawa jikinta.

Mataki na 6: Gishiri da ambaliya

Narka babban cokali ɗaya na gishiri a kofin ruwa ka tsoma saiwar wani tsiro. Kafin yini ya ƙare ya yi laƙwas, yana tsaye cikin ruwa. Ruwa yana ratsa tantani ne daga inda narkakkun abubuwa suka yi ƙaranci zuwa inda suka fi yawa, abin da ake kira osmosis. A ƙasa mai kyau cikin saiwa ya fi waje kauri, sai ruwa ya shiga. In waje ya fi, ruwa fita yake yi. Takin zamani ma gishiri ne a wannan ma'anar. Zuba shi da yawa a gindin ƙaramar shuka daidai yake da wannan kofin. Sa shi kaɗan-kaɗan, nesa da kara, wajen inda inuwar ganye ta ƙare don can bakunan saiwa suke, a kan ƙasa mai lema.

Ma'adinai kuwa ba sa shiga a banza. Shuka na bukatar sinadarai 17. Uku, wato kabon da haidirojin da oksijin, daga iska da ruwa take samu. Sauran 14 daga ƙasa suke, a narke, kusan kowane ɗauke da cajin lantarki. Fotasiyam da ke cikin ƙwayar saiwa kan ninka na ruwan ƙasa sau 100 ko fiye, amma saiwa ba ta daina jawo shi ba. Wannan hawan tudu ne, sai da ƙarfi. A tantanin ƙwaya akwai famfo da ke tura haidirojin mai caji waje, sai cikin ƙwayar ya koma mai cajin ɗebewa, ya riƙa jan masu cajin tarawa irin su fotasiyam. Masu cajin ɗebewa, naitiret da fosfet, wato naitirojin da fosforas a siffar da saiwa ke ɗaukarsu, suna shiga ne tare da haidirojin ɗin da ke komawa ciki. Wanda ya rage a waje kuma yana ture kalsiyam da maganiziyam da fotasiyam daga jikin yumɓu inda suka manne, su faɗo cikin ruwa a ɗauke su.

Famfon nan da sukari yake aiki, ƙona sukari kuma sai da oksijin. Don ka gani, shuka wake a tukwane biyu, ɗaya mai huda a gindi, ɗaya toshe, ka bar ta biyun ruwa na kwance a kanta. Oksijin ya fi saurin yaɗuwa a iska fiye da a ruwa kusan sau 10,000, don haka saiwar da ta nutse shaƙewa take yi. Cikin kwanaki tsiron zai yi yaushi, mai shi ya zaci ƙishi ne ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi. Zaro ka duba. Lafiyayyiyar saiwa fara ce, da ƙwari. Wadda ta shaƙe ta yi ruwan ƙasa, tana wari, in ka ja ta da yatsa biyu tsokar za ta saluɓe ta bar maka wani zare. Zaren nan shi ne bututun tsakiya da ka gani a mataki na 4. Shinkafa na tsira a ruwa ne don tana da hanyoyin iska a jikinta daga ganye har saiwa.

Mataki na 7: Bi ruwan zuwa sama

Cika kwalabe biyu da ruwa, sa tsiro ɗaya-ɗaya, ka tsiyaya ɗan mai a saman ruwan don kada ya ƙafe da kansa. Tsinke ganyen ɗaya duka. Yi alama, ka dawo bayan kwana 2. Ruwan mai ganye ne ya ja baya. Ganye na sakin tururi ta ƙananan ƙofofinsa, kowane ɗigo da ya tashi yana jan na bayansa, don ruwa na riƙe da juna kamar sarƙa tun daga ganye har gashin saiwa. Henry Dixon da John Joly suka kawo wannan bayani a Dublin a 1894. Bututan zailem matattun ƙwayoyi ne da suka zama holoƙo, amma da wannan ja kaɗai ruwa ke hawa itatuwan Kalifoniya masu tsayin fiye da mita 110. Sama da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta sha ta ganye yake fita, yana barin ma'adinan da ya ɗauko.

Saiwa ma tana turawa daga ƙasa, ko da yake ƙarfinta bai kai na ganye ba. Shayar da tsiron masara da yamma ka kifa masa kwalba. Da asuba za ka ga ɗigon ruwa a tsinin ganye, a jere tsaf. Ba raɓa ba ce. Cikin dare saiwa ta ci gaba da tara ma'adinai a zailem, ruwa ya bi su, matsi ya taru har ya ɓullo ta bakin ganye.

Ladan saiwa kuwa ta fulowem yake saukowa, sukarin da ganye ya haɗa. A itace fulowem na cikin ɓawo, shi ya sa itacen da aka zagaye ɓawonsa aka ɓare yake daɗewa da koren ganye, sannan ya mutu daga ƙasa, saiwa ta mutu da yunwa. Fulowem ɗin ne kuma ke kwashe naitirojin, fosforas, fotasiyam da maganiziyam daga tsohon ganye zuwa sabo in sun yi ƙaranci, don haka alamar rashinsu a ganyen ƙasa take fara fitowa. Kalsiyam da sinadarin ƙarfe ba sa barin inda suka sauka, sai alamar ta bayyana a sabon toho. Kafin ka sayi wani taki, duba wane ganye ne ya fara sauya launi.

Mataki na 8: Tono ka ga abokan aikinta

Dasa 'yan waken da suka rage a ƙasar lambu ka bar su mako 5 ko 6. Jiƙa wurin, ka haƙa da nisa daga gindi, ka ɗago da ƙasar, ka tsoma a bokitin ruwa ta saki da kanta. A jikin saiwa za ka iya samun 'yan dunƙule-dunƙule kamar ƙuraje. Gidan bakteriya ne mai suna raizobiyam, wadda Martinus Beijerinck ya ware a Holan a 1888. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, amma shuka ba ta iya amfani da shi a haka. Bakteriyar ke sarrafa mata shi, ita kuma ta biya da sukari.

Akwai wani abokin da ba za ka gani ba sai da madubi da rini: zaren fangas, ɗan'uwan fumfuna, da ke shiga tsokar saiwa ya bazu cikin ƙasa. Albert Frank, masanin tsirrai na Jamus, ya raɗa wa haɗin suna maikoraiza a 1885, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na nau'in tsirran doron ƙasa suna da shi. Fosfet ba ya tafiya a ƙasa sai 'yan milimitoci, saiwa kan cinye na kusa da ita nan da nan, zaren ne ke zuwa nesa ya ɗebo. Yawan kifar da ƙasa na tsinka shi, yawan takin fosforas kuma na sa shuka ta rage hulɗa da shi.

Zaɓi dunƙule mafi girma ka tsaga da reza. In cikinsa ja ne ko ruwan hoda, aiki ake yi, launin na wani sinadari ne ɗan'uwan wanda ke sa jininmu ja, yana riƙe oksijin don kada ya ɓata aikin bakteriya. In fari ne bai fara ba tukuna, in kore ne ya tsufa ya daina. Kada ka rikita su da kumburin tsutsar saiwa: dunƙulen bakteriya a gefe yake maƙale, kana murza shi zai ɓalle, kumburin tsutsa kuwa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura, ba ya cirewa sai ka yanke ta.